Aikin sa kai na 'yan mishan tsakanin 'yan gudun hijirar Yukren: inda ya yi kyau da inda ya gaza

Tun ranar 24 ga Fabrairu 2022 da Rasha ta afka wa Yukren, ƙungiyoyin mishan na Kirista suke tallata wani tsari ga mabiyansu: ka tara kuɗin tafiya, ka ɗauki hutu a wurin aiki, a tura ka Polan ko Romaniya ko Maldoba na mako ɗaya zuwa biyu, ka yi wa 'yan gudun hijira hidima a ƙarƙashin wata majami'a ta can. Wannan tsarin za a auna a nan kamar yadda ake auna kowace hidima: me mai zuwa yake kashewa, me ake sa shi yi, me kuma yake isa hannun matar da ta tsallako iyaka da 'ya'ya biyu da jaka ɗaya. Ɓangaren da majami'un ƙasashen suka riƙe da kansu ya yi kyau ƙwarai, a wasu garuruwan ma sun riga hukuma shimfiɗa katifa. Na baƙi masu zuwan mako biyu kuwa ya yi rana na 'yan watanni, daga nan tsadarsa ta fi amfaninsa, sai fa ga wanda ya zo da yare ko wata sana'a a hannu.

Sai an san wanda ya tsallako kafin a san ko an yi masa hidima. A 2022 dokar yaƙi ta hana maza 'yan shekara 18 zuwa 60 fita daga Yukren, in ban da masu uzuri irin uban 'ya'ya uku ko mai nakasa. Shi ya sa a watannin farko kusan tara cikin goma na masu fitowa mata ne da yara. Mutum miliyan ɗaya suka fita a makon farko, kafin Maris ya ƙare an haura miliyan huɗu. Da yawansu mutanen birni ne, malaman makaranta da akantoci da nas-nas da masu shago, kowa da waya a hannu da katin banki a aljihu. Tawagar da ta zo da tunanin sansanin tantuna a cikin daji tun daga nan ta ɓata hanya. Mace ce da ta baro mijinta a bayan iyaka, tana duba waya kowane minti biyar. Abin da take nema wurin caji ne, da ruwan zafi, da gado a ɗakin da ake kulle ƙofarsa, da wani mai gaskiya da zai faɗa mata jirgin ƙasan da za ta hau.

A bakin iyaka

Medyka ce ta fi yin suna domin ana tsallaka ta da ƙafa. Ƙasa da kilomita 15 daga nan akwai Przemyśl, kuma akwai dalilin da ya sa tasharta ta cika maƙil: faɗin layin dogo na Yukren milimita 1,520 ne, na Polan 1,435, amma faffaɗan layin ya shigo har Przemyśl, don haka a nan jiragen da suka taso daga Lviv suke juye fasinja, kowa ya nemi wani jirgin. Wani tsohon kantin Tesco da ke garin ya koma wurin kwana da rarraba mutane zuwa ƙasashe. Haka abin yake a Dorohusk da Hrebenne da Korczowa, da Siret a Romaniya, da Isaccea inda ake fito a kogin Danub, da Palanca a Maldoba, da Záhony a Hungari. Caritas, da ADRA ta 'yan Adbentis, da Salvation Army, da ƙungiyar agajin Katolika ta Order of Malta, da Operation Mobilisation duk sun yi aiki a irin waɗannan wuraren, Knights of Columbus kuma suka kafa tantin ɗumi a Hrebenne.

A wannan matakin ɗan sa kai ba ya bukatar digiri. Ya ɗauki jaka, ya tura keken tsohuwa, ya zuba shayi, ya riƙe jariri uwarsa ta shiga banɗaki. A daren Maris sanyi yana sauka ƙasa da sifili, wasu kuma sun kwana a layi a ɗaya ɓangaren kafin su tsallako, saboda haka tanti mai na'urar ɗumama da miya mai zafi ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan mishan sun cancanci yabo a nan.

Aibin da ya bayyana shi ne rabon aiki. Kowa yana son aikin rana a inda kyamarori suke. Za ka ga rumfunan abinci jere da juna suna rige-rigen miƙa wa yaro ɗaya cakulan, alhali da ƙarfe uku na dare, lokacin da jirgi ya sauke mutane ɗaruruwa, hannu ya yi ƙaranci, wankin banɗaki kuwa ba mai so. Ƙungiyar da ta san aikinta tana rubuta jadawalin awa 24, ta raba shi kashi uku na awa takwas-takwas, ta sa tafinta aƙalla ɗaya a kowane kashi, sannan ta miƙa sunayen mutanenta ga jami'in da hukumar yankin ta ɗora a wurin. Wadda ba ta yi haka ba yawon buɗe ido ta kawo mutane, ko da sun yi addu'a kafin su fito.

Majami'ar da ta koma ɗakin kwana

A nan tsarin ya fi ƙarfi. Majami'ar Baftis da ke Chełm, kimanin kilomita 25 daga mashigin Dorohusk, ta ture bencinanta gefe tun kwanakin farko ta jera gadaje a inda ake sujada. Coci-coci da gidajen sistoci da makarantun tauhidi da yawa a Polan da Romaniya da Maldoba sun yi irin haka. Dalilin nasarar ba boyayye ba ne: suna da gini, da kicin, da mambobi masu motoci, da fasto ko fada wanda ya san magajin gari da likitan unguwa, ga kuma zumunci da majami'un Yukren tun kafin yaƙi. Fasto a Lutsk zai buga wa ɗan'uwansa waya ya ce ga mota ɗauke da mutum 14 tana tafe, kafin su iso an ɗora tukunya.

Ga yadda karɓar dare take a wurin da aka tsara. Mota ta tsaya, mace ce take tarbar su a ƙofa, ba namiji ba. Ba a fara da fom. Ana nuna banɗaki, a miƙa shayi, a sa wayoyi a caji. Sai an zauna sannan a rubuta suna, da yawan yara, da maganin da wani yake sha kullum, da inda ake son zuwa. A ba kowa tawul, da zanen gado wankakke, da buroshin haƙori, a nuna gado. Tambayar "me ya faru da ku a hanya" ba ta cikin fom, kuma bai kamata ta fito daga bakin kowa ba.

Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne na Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji suka amince da shi: murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum a wurin kwana, a ƙasa mai sanyi 4.5 zuwa 5.5, da lita 15 na ruwa a rana, da banɗaki ɗaya ga mutum 20. Yi lissafi. Zauren da ya kai murabba'in mita 200 mutum 44 ko ƙasa da haka ya kamata ya ɗauka a lokacin sanyi, kuma yana bukatar banɗaki uku. Ginin coci an yi shi ne don taron awa biyu ranar Lahadi, sau da yawa ba shi da wurin wanka ko ɗaya. In aka cusa mutum ɗari saboda tausayi, na dare ɗaya ana iya jurewa, amma in aka yi mako sai amai da gudawa su zagaye zauren, ƙwarƙwata da ƙazuwa su biyo baya. Abin da yake hana wannan ba addu'a kaɗai ba ce: injin wanki ne da na busarwa masu aiki ba tsayawa, da wanke zanen gado da ruwa mai zafin digiri 60 bayan kowane baƙo, da katifa mai rigar leda da ake gogewa, da ɗaki ɗaya da aka ware wa mara lafiya. Wutar lantarki ma tana ba da matsala, domin in aka haɗa butocin dafa ruwa da na'urorin ɗumama a layi ɗaya fis yana yankewa, wani lokaci waya ta yi zafi. Hanyar fita ta gaggawa kuma ita ce wurin da aka fi son jibge kwalaye.

Abinci yana da nasa wayon. Miyar borsh, da dafaffen hatsin girechka, da dankali, da burodi, da baƙin shayi sun fi karɓuwa a kan abincin gwangwani da aka yo jigilarsa daga nesa. Mafi kyawun kicin shi ne wanda aka bar wa matan Yukren ɗin su dafa da kansu. Abincin ya fi daɗi, su kuma sun sami abin yi maimakon zaman jiran waya.

Kaya ko kuɗi

Tsofaffin tufafi su ne babban ciwon kan aikin. A makonnin farko an tara su tsibi-tsibi a bakin iyaka, ruwa da ƙanƙara suka jiƙa su. Kwali ɗaya a ciki akwai rigar bazara, da takalmi wari ɗaya, da maganin da ya kusa lalacewa, da taliya. Sai an sa mutum ya kwashe awanni yana tsincewa, wato kyautar ta zo da nata aikin. Tirela tana ɗaukar katakon ɗora kaya 33, kowanne santimita 120 da 80. In kowane katako abu iri ɗaya ne, an rubuta sunansa da yawansa da yaren Polan da na Yukren, ana sauke ta cikin awa ɗaya ko biyu. In gauraye ne, mako guda bai isa ba. Abin da aka fi nema kuwa ba shi ake aikowa ba: sabbin kamfai da safa, audugar mata, famfas na yara da na tsofaffi, fawa-bank, da akwati mai taya, domin da yawa da jakar leda suka fito.

Magani ya fi haɗari. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a ba da kyautar maganin da bai rage masa aƙalla shekara ɗaya ba, kuma rubutun jikinsa ya zama da yaren da ma'aikatan wurin suke karantawa. Insulin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, in ya daskare a bayan mota ya tashi aiki. Ɗan sa kai mai kyau ba ya raba magani daga jakarsa. Yana tambaya ko akwai mai ciwon suga, ko hawan jini, ko tarin fuka, ko mai shan maganin ƙanjamau, ya kai shi asibiti kafin ƙwayoyinsa su ƙare.

Shagunan Polan da Romaniya ba su taɓa rufewa ba, saboda haka kuɗi ya fi kaya. Tarayyar Majami'un Lutaran ta Duniya ta gane wannan da wuri, ta haɗa kai da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka buɗe cibiyoyin rajistar tallafin kuɗi a garuruwa irin su Gdańsk da Wrocław da Bytom. Uwa ta fi kowa sanin lambar takalmin ɗanta.

Mota da amana

Inda mata da yara suka taru cikin gajiya, miyagu ma suna zuwa. A kwanakin farko kowa yana iya tsayawa da kwali a hannu an rubuta "Barlin, kyauta, kujera uku". Yawancinsu mutanen kirki ne, amma ba a gane na banza a fuska, kuma riga mai tambarin gicciye ana sayen ta a kasuwa. Daga baya aka fara rajistar direbobi a manyan cibiyoyin. Ƙungiyar da za a yarda da ita tana ɗaukar hoton katin shaidar direba da lasisinsa da lambar motarsa, ta rubuta sunayen fasinjoji da adireshin da za a kai su, ta sa fasinja ta tura wa 'yan'uwanta hoton lambar motar, sannan a buga waya a tabbatar an isa. Fasfo ba ya barin hannun mai shi ko da wane dalili. Namiji ɗaya ba ya ɗaukar mace ɗaya. Yaron da ya zo ba tare da iyaye ba, ko da wata ta ce ita gwaggonsa ce, ana kai maganarsa ga 'yan sanda ko cibiyoyin Blue Dot da UNICEF da hukumar 'yan gudun hijira suka kafa. Lasisin tuƙi na ƙaramar mota a Turai fasinja takwas ya yarda da su ban da direba, da nauyin tan 3.5, kuma a Polan yaron da bai kai santimita 150 ba sai da kujerar yara. Tawagogi da yawa sun yi hayar bas suka manta da kujerun.

Rauni na musamman ga 'yan mishan shi ne yarda da juna. "Ɗan'uwa ne cikin Ubangiji, fastonsa ya aiko shi" ba bincike ba ne. Birtaniya ta buɗe shirin Homes for Ukraine a Maris 2022, mai masauki yana alkawarin wata shida ana ba shi fam 350 a wata, kuma majami'u sun taimaka sosai wajen haɗa iyalai da masu gida. Duk da haka a Afrilun shekarar hukumar 'yan gudun hijira ta yi gargaɗi kan haɗa mata marasa rakiya da mazan da suke zaune su kaɗai. Tun 2024 kuma dokar Polan ta tsananta: mai aiki da yara sai ya kawo takardar shaidar cewa ba shi da tarihin laifi. Ƙungiyar da ta karɓi kuɗinka ba ta nemi wannan takardar ba, ka san irin kulawar da take yi wa yaran.

Takardu, inda baƙo yake zama kurma

Ranar 4 ga Maris 2022 Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar kariya ta wucin gadi, wadda take ajiye tun 2001 ba a taɓa amfani da ita ba. Ta ba 'yan Yukren izinin zama da aiki da makaranta da asibiti ba tare da neman mafaka ba, an kuma yi ta tsawaita ta har zuwa Maris 2027. Sama da mutum miliyan huɗu suke ƙarƙashinta, Jamus ce kan gaba, sai Polan, sai Jamhuriyar Cek. Amma kowace ƙasa da nata ofisoshin. A Polan dokar 12 ga Maris 2022 ta sa mabuɗin komai ya zama lambar shaidar mutum ta PESEL mai alamar UKR, da ake karɓa a ofishin ƙaramar hukuma da hoto da zanen yatsu. Da ita aka riƙa samun zuloti 300 na farko, da kuɗin yara na zuloti 500 a wata wanda ya koma 800 a Janairun 2024. Mai masauki yana karɓar zuloti 40 a rana kan kowane baƙo har kwana 120, kafin a soke wannan a Yulin 2024. Daga Maris 2023 wanda ya wuce kwana 120 a masaukin gwamnati ya fara biyan rabin kuɗin zamansa, in ban da masu rauni. Ga kuma tarkon da ya kama mutane da yawa: wadda ta koma Yukren duba mahaifiyarta ta wuce kwana 30 ta rasa alamar UKR, tallafi ya tsaya. A Romaniya akwai tsarin lei 50 na masauki da 20 na abinci a rana, aka sauya shi a Mayun 2023. A Jamus ranar 1 ga Yuni 2022 harkar ta koma hannun ofisoshin tallafin masu neman aiki na Jobcenter, da wasiƙunsu masu wa'adi.

To, wannan shi ne ainihin aikin tun tsakiyar 2022: rakiya zuwa ofis, karanta wasiƙa, cike fom, shawo kan mai gidan haya da ba ya son mace mai yara, nemo kuɗin ajiya na wata ɗaya, sa yaro a makaranta, musamman da karatu a makarantun Polan ya zama tilas ga yaran Yukren a Satumbar 2024. Baƙon da ya zo daga Amurka ko Koriya na kwana goma, ba ya jin yaren Polan ba ya jin na Yukren, babu abin da zai iya a ciki. Manhajar fassara tana isa a tambayi wurin banɗaki, amma ba a gaban likita ba. Mafi muni shi ne ya maimaita dokar bara da ƙarfin gwiwa, domin dokokin nan kusan kowace shekara sai an taɓa su.

Yare ma yana da ƙaya. Da yawa daga cikin mutanen Kharkiv da Mariupol da Odesa yaren Rasha suka tashi da shi, wasu kuma tun da bam ya sauka a unguwarsu ba sa son jin sa. A gaisa da "dobryi den", a yi godiya da "dyakuyu", sannan a tambayi mutum yaren da ya fi so. Tafinta ɗan asalin Rasha, ko da yana adawa da yaƙin, a faɗa tun farko a bar mutum ya zaɓa.

Bishara da burodi

Wannan ita ce tambayar da ta raba ƙungiyoyin gida biyu. Ƙa'idar aikin agaji ta 1994, wadda Red Cross da manyan ƙungiyoyi suka tsara, ciki har da na coci irin su Caritas, ta ce ana ba da taimako bisa bukata kaɗai, kuma ba a amfani da shi don yaɗa wata aƙida ta siyasa ko ta addini. Ba ta hana mai bi faɗin bangaskiyarsa ba, abin da ta hana shi ne a ɗaura taimakon a kan sauraro. A aikace bambancin a bayyane yake. Littafi Mai Tsarki a kan teburi daban, mai so ya ɗauka, daidai ne. 'Yar takardar wa'azi a cikin kowace jakar sabulu, ko waƙa da huɗuba kafin a buɗe tukunya, matsi ne, domin wadda take kwana a gadonka ba ta da bakin cewa a'a. Ƙididdigar "waɗanda suka karɓi Yesu" da ake aika wa masu ba da kuɗi ita ce take tura matasa yin abin da su kansu suke jin kunyarsa.

Akwai kuma rashin sani. Mafi yawan 'yan Yukren Kiristoci ne tun kafin a haifi ɗarikun masu zuwa yi musu bishara, domin a shekara ta 988 aka yi wa Kiyef baftisma. Akasari 'yan Otodoks ne, kuma sun kasu biyu: akwai cocin da Uban Ikilisiya Bartholomew na Istanbul ya ba 'yancin kansa a Janairun 2019, akwai kuma wanda ya daɗe a ƙarƙashin Mosko ya ce ya raba gari da ita a Mayun 2022. A yammacin ƙasar akwai Katolika masu bin tsarin sujadar Gabas. 'Yan Baftis ɗin Yukren suna cikin mafi yawa a Turai, ga 'yan Fentikostal, ga Yahudawa, ga Tatar na Kirimiya waɗanda Musulmi ne. Tsohuwar da ta ciro ɗan hoton Maryamu ta jingina a bakin gado, ta yi alamar gicciye daga dama zuwa hagu, ba "marar bi" ba ce da za a gyara. Yaƙin ma ya faɗo daf da babban azumin kafin Ista, wanda masu kiyaye shi ba sa cin nama da madara, saboda haka kwanon da aka mayar ba a taɓa ba ba lallai raini ba ne. Hidimar da ta fi burgewa ita ce ta faston da ya san adireshin cocin Otodoks mafi kusa, ya kai baƙinsa can da motarsa ranar Lahadi. A kula dai kada a kai su cocin da yake ƙarƙashin Kirill na Mosko ba tare da an faɗa musu ba, tun da ya fito fili ya goyi bayan yaƙin. Ranar Kirsimeti ma a tambaya: Yukren ta mayar da ita 25 ga Disamba a 2023, amma akwai iyalan da ba su saki 7 ga Janairu ba.

Wajen sauraro, jagoran taimakon farko na ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 tare da World Vision ya taƙaita aikin a abu uku: duba, saurara, haɗa mutum da mai taimako. Bai ce a tono labari ba. "Allah yana da dalili" ga matar da ba ta san ko mijinta yana raye ba magana ce da gara a haɗiye ta. Hoton yaro kuwa ba a ɗauka sai da izinin uwarsa a rubuce, kuma fuskar matar soja a Facebook da sunan garin da take na iya jawo wa danginta da ke yankin da Rasha ta mamaye fitina.

Wani ma'aunin shi ne wanda aka bari a baya. 'Yan ƙabilar Roma na Yukren sun sha wahalar samun masauki, manyan iyalai ne, wasu ba su da takardu. Ɗalibai 'yan Afirka da Asiya an riƙa ture su daga layi da jiragen ƙasa, har Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwar ƙorafi ranar 28 ga Fabrairu 2022. Ayar da ƙungiyoyin suka fi jawowa, ta Matiyu sura 25 kan saukar da baƙo, ba ta ware launi ba. Wasu majami'un sun buɗe ƙofa ga kowa, wasu sun yi zaɓe.

Ko ya cancanci kuɗinsa

A ɗauka tawaga ce ta mutum goma, kowa ya kashe dala 2,500 a jirgi da masauki da inshora da kuɗin ƙungiya. Dala 25,000 ke nan na aikin kwana goma, biyu daga ciki sun tafi a gajiyar tafiya da koyon hanya, faston da ya karɓe su kuma ya bar aikinsa ya zama direba da tafinta. Kuɗin nan zai iya riƙe 'yar Yukren mai jin yarukan biyu a matsayin ma'aikaciya na watanni masu yawa. Yaran ma suna shan wahalar sabuwar fuska duk mako, su saba da mutum ya tafi. A bazarar 2022, lokacin da hannu ake nema ko na wane ne, lissafin ya fita. Yanzu ba ya fita, sai a wurare kaɗan: gyaran gini, sansanin yara na hutu wanda majami'ar gida ta tsara ta kuma gayyato, ko ba ma'aikatan da suka gaji hutu.

Wanda zuwansa yake da amfani shi ne mai jin yaren Yukren ko na Rasha ko na ƙasar masauki, da malamin koyar da yare, da ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa ko gashin ƙashi, da akanta, da mai iya zama wata uku ko fiye. Likita ko nas su sani lasisinsu na gida ba ya ba su damar duba mara lafiya a Polan ko Romaniya sai da amincewar hukumar ƙasar. Mai shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ba a duba fasfo a tsakaninsu, a matsayin baƙo kwana 90 yake da su cikin kowane 180, kuma tun Janairun 2025 Romaniya ta shiga yankin gaba ɗaya, don haka dabarar tsallakawa can a huta a dawo ta ƙare. Maldoba ba ta cikin Tarayyar Turai, tana da nata tsarin kariya tun Maris 2023, kuma ita ce mafi ƙarancin hali cikin maƙwabtan, majami'unta sun fi bukatar kuɗin ɗumama gini a lokacin sanyi a kan baƙi. Inshorar tafiya ta gama-gari ba ta aiki a cikin Yukren, saboda haka in aka ce "za mu ɗan leƙa Lviv mu kai kaya", a nemi ganin takardar inshorar kafin a hau mota.

Kafin a biya ko sisi, a nemi sunan majami'ar da ta yi gayyatar da lambar wanda zai karɓi tawagar, a buga masa waya kai tsaye a tambaye shi aikin da yake jiran mutane a wannan watan, da abin da zai yi da kuɗin da a ce shi aka aika wa.